Kunnen Bakanike da Kukan Iyakwandishan

Da zarar hunturu ya tattara ƙurarsa a ƙarshen Fabrairu, garejin masu gyaran iyakwandishan na mota yakan fara cika a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Kafin Afrilu ya raba zafi ya haura digiri 40 a waɗannan garuruwa, wanda ya yi wata uku bai taɓa maɓallin sanyi ba sai ya tuna da shi. Ya danna, maimakon sanyi sai ƙara. Masu motoci sukan zo da ƙarar a baki. Wannan ya ce tasa tsuwa take yi da sassafe, "ƙiiii", har maƙwabta su leƙo. Wancan ya ce tasa "ƙas, ƙas, ƙas" take yi ba hutawa idan ya tsaya a danja. Wata hajiya ta ce huci take ji daga cikin dashbod ko bayan ta kashe injin. Kowannensu gaskiya yake faɗa, kuma kowace ƙara da dalilinta. Abin da ya sauya a shekaru hamsin ɗin nan shi ne fassarar. Ƙarar da a motar jiya ake kawar da kai a kanta, a ta yau tana iya ajiye mutum a daji. Shirun da a da yake nufin kwamfireso ya mutu, yanzu ya zama halin wasu motocin.

Sanyi a mota ba sabon abu ba ne a duniya. Tun 1939 kamfanin Packard na Amurka ya fara sayar da mota mai iyakwandishan. A arewacin Najeriya dai labarin ya fi manne da zamanin Pijo. Masana'antar PAN da ke Kaduna ta fara harhaɗa motocin Pijo a 1975, ba a daɗe ba 504 ta mamaye tituna da tashoshi, ta zama motar ofis, motar haya, motar kai amarya. Mai sanyi a cikinsu ta manyan ma'aikata ce da attajirai. Direban da ke lodin Kano zuwa Jos ba ruwansa da sanyi. In ma ya sayi tsohuwar motar gwamnati a gwanjo ya tarar da kwamfireso a ciki, ranar da ya fara ƙara ranar zai ce wa bakanike ya cire masa bel ɗin. A motocin wancan lokaci kwamfireso yakan zo da bel ɗinsa daban, saboda haka cire shi ba ya taɓa caji, ba ya taɓa ruwan lagireto. A sauke gilashi a ci gaba da tafiya. Direbobi sun yi imani cire shi yana ƙara wa mota ƙarfi yana rage mata shan mai, kuma da gaskiyarsu, don kwamfireson da babban kaya ne a wuyan injin.

'Yan kaɗan da suka riƙe gyaran a matsayin sana'a, hannunsu ɗaya da masu gyaran firji, don aikin iri ɗaya ne. Kwamfireso ya matse gas ya yi zafi, ya tura shi kwandansa da ke gaban lagireto iska ta huce shi ya koma ruwa, ya bi ta wani matsattsen bawul ya faɗa cikin kwayil ɗin da ke ɓoye a bayan dashbod, a nan ya sake komawa iska yana zuƙe zafin cikin mota, fanka ta huro sanyin a fuskar mai tuƙi. Kayan binciken ba su da yawa. Akwai dogon sukudireba: a ɗora tsininsa a jikin ƙarfen da ake zargi, a manna ƙotar a kunne, sai kukan boris ya biyo ta cikin ƙarfe tar, ya rabu da hayaniyar injin. Akwai guntun tiyo, baki ɗaya a kunne ɗayan ana yawo da shi. Akwai kuma ɗan gilashin leƙe a saman gwangwanin diraya mai tsotse danshi, inda ake ganin gas yana wucewa; in kumfa ce ke ta gudu gas ya yi ƙasa, in ya washe ya isa. Yaron gareji yakan daɗe yana riƙe wa maigidansa fitila da sifana kafin a miƙa masa sukudireban a ce, "To, saurara. Me ka ji?"

Hanyar da waɗancan mutane suke bi ba ta tsufa ba, kuma ita ce abin da ya fi cancanta a gada daga gare su. Ba sa kwance komai sai sun ware wa ƙarar gidanta. A ta da injin, iyakwandishan a kashe, a saurara. A kunna fanka kaɗai, a sake saurarawa. Sannan a danna maɓallin sanyi. Fulin da ke gaban kwamfireso yana juyawa muddin injin na aiki, ko ana son sanyi ko ba a so, kuma abin da ke haɗa shi da cikin kwamfireson shi ne kuloci mai aiki da maganaɗisu. Saboda haka gurnanin da ake ji tun kafin a kunna sanyi, wanda kan ragu ko ya sauya murya idan kulocin ya kama, boris ɗin fuli ne giris ɗinsa ya ƙone. Gyara ne mai sauƙin kuɗi, sau da yawa ba sai an zubar da gas ba. Wanda kuwa ba ya tasowa sai kulocin ya kama, yana ƙugi ko yana bugawa daga ciki, wannan fistin ne ko faranti ya rasa mai a can cikin kwamfireson. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazarar kuɗi mai yawa, kuma saurare na minti biyu ne ke raba su. Abin takaici ne a sauke kwamfireso lafiyayye saboda boris, don kawai ba wanda ya tsaya ya kashe maɓalli ya sake kunnawa.

Tsuwar safe kuma galibi ta bel ce. Lokacin da kulocin ya kama, nauyi yana hawa kan bel nan take, in bel ɗin ya yi sako-sako sai ya zame a kan fuli ya yi kuka. Gwanaye sukan yayyafa masa ruwa injin na aiki. In kukan ya ƙaru, ɗaurin ne ya yi sako-sako. In ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, fulin ne ba su tsaya a layi ɗaya ba. Masu gaggawa sukan goga sabulu ko su ɗiga baƙin mai, ƙarar ta yi shiru har mai mota ya fita daga gareji, robar kuma ta kama hanyar lalacewa. Shi kansa bel ɗin ya sauya hali. Na da yakan tsattsage idan ya tsufa, ido ya gani. Na yanzu da ake yi da robar EPDM zaizayewa yake a hankali ba tsaga, a gan shi sumul alhali haƙoransa sun cinye.

Babban sauyin ya zo ne da motocin Beljiyam. Bayan naira ta fara faɗuwa daga 1986 sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai da Amurka da ake saukewa a Legas da Kwatano, wasu su biyo ta Nijar su shigo arewa. Golf, Vectra, Accord, Camry, Corolla, da yawansu da iyakwandishan ɗinsu, musamman waɗanda suka fito daga Amurka. Abin da yake na manya ya zama na malamin makaranta da ɗan kasuwar Kantin Kwari, dillali in zai yabi mota sai ya fara da cewa sanyinta na nan daram. Amma a yawancin motocin zamani bel guda ne ke zagaye komai: altaneta, famfon sitiyari, sau da yawa har famfon ruwa, sannan kwamfireso. Tsohuwar dabarar cire bel ta mutu ke nan. Boris ɗin fulin da aka yi watsi da gurnaninsa, ranar da ya cije zai tsinke bel ɗin, fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi tauri, injin ya ɗauki zafi, a tsakiyar dajin Falgore ko a kan hanyar Damaturu. Ƙarar iyakwandishan ta tashi daga maganar jin daɗi ta koma maganar isa gida.

A daidai lokacin ne kuma gas ɗin kansa ya sauya. Motocin da R-12 suke sha, wanda aka fi sani da Freon. Da masana suka tabbatar irinsa yana cinye shingen ozon da ke tare haskoki masu cutarwa daga rana, ƙasashe suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Montiriyal a 1987. Kafin tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin mota sun koma R-134a, ƙasashe masu tasowa irin su Najeriya da Nijar kuma aka ba su wa'adi zuwa 2010 su rabu da tsohon. A takarda magana ce ta muhalli, a gareji kuwa ta zo da sabuwar ƙara. R-12 da man ma'adinai yake tafiya. R-134a ba ya gaurayuwa da wannan man, nasa PAG ne. Shi kuwa kwamfireson zamani ya dogara ne da man da gas ke ɗaukowa yana zagayo masa da shi. Duk wanda ya ɗura sabon gas a tsohuwar mota bai wanke layin ya sauya mai ba, zai sha sanyi na ɗan lokaci, daga nan kwamfireso ya fara ƙugi don man ya kwanta a kwayil ya ƙi dawowa. Gilashin leƙen ma ya daina faɗin gaskiya, don R-134a yana iya nuna kumfa alhali ya cika, daga baya ma motoci da yawa suka daina zuwa da shi.

Daga nan ne wata ɗabi'a ta kafu wadda ta ci kwamfireso ba iyaka, wato a ƙara gas. Mai mota ya shigo da "ƙas, ƙas" ɗinsa, tun bai gama bayani ba yaro ya janyo tukunya. "Alhaji, gas ne ya yi ƙasa, yanzun nan za a cika maka." Rabin maganar gaskiya ce. "Ƙas" guda ɗaya lokacin da aka kunna sanyi lafiya ce: kuloci ya kama, injin ya ɗan sauya murya, fankar gaba ta tashi. Idan ta koma kama-saki kama-saki duk bayan daƙiƙu kaɗan, to sau da yawa matsin gas ne ya faɗi, wani ɗan makunni mai tsaron kwamfireso yake yanke wuta don kada ya yi aiki a bushe. Sai dai gas ba fetur ba ne da mota ke ƙonewa. Layin a rufe yake, in ya ragu sosai to akwai inda yake yoyo, kuma inda gas ya fita mai ma ya bi shi. Wurin yakan tona kansa da danshin mai da ƙura ta manne a kai, a bakin tiyo, ko a jikin kwandansa inda tsakuwa ta huda. Ruwan kumfa ma yana nuna shi. Cikawa ba a toshe yoyon ba sayen makonni ne kawai, kuma kowane zagaye kwamfireson ƙara bushewa yake yi.

Akwai ɗaya gefen da ba a cika gaya wa mai mota ba: gas yana yin yawa. Kowace mota da awonta, a rubuce a wata 'yar takarda a ƙarƙashin bonet, kuma a yawancin ƙananan motocin yau tsakanin giram 400 ne da 700. Manyan motocin Amurka na da sukan ɗauki fiye da kilo guda, ɗan ƙari ko ragi ba ya damun su. Na yanzu giram 100 na iya rikita su. Wanda ke cikawa ba sikeli, yana dafa bututu da hannu yana jiran ya ji sanyi a tsakar ranar Afrilu, yakan wuce gona da iri. Matsi ya hau, kwamfireso ya riƙa nishi, bel ya yi kuka, makunnin tsaro ya yanke wuta, sai ga "ƙas, ƙas" ɗin nan ta dawo, kusan iri ɗaya da ta ƙarancin gas. Kunne kaɗai ba zai raba su ba, komai gwanintarsa. Dole a jona geji mai agogo biyu, shuɗi na gefen ƙasa da ja na gefen sama, a ga abin da allurai suka ce. Haka ma idan ƙurar hunturu da tarkacen ciyawa suka toshe kwandansa, ko fankar gaba ta mutu. Mota ta yi sanyi a kan babbar hanya inda iska ke dukan gabanta, tana shiga cunkoson cikin gari sai ƙugi da iska mai ɗumi. Maganin wannan wani lokaci bokitin ruwa ne da buroshi, wani lokaci fiyus.

Wanda ya buɗe layi kuma ya mayar bai sa injin zuƙe iska ba na kamar rabin awa, ya rufe danshi a ciki. Danshin yakan daskare a bakin bawul, sanyi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa da huci a tsakani. Ita ma tukunyar gas ba kullum cikinta ke dacewa da rubutun jikinta ba. A 2011 wasu kwantenoni masu sanyi sun fashe a Biyetnam da Brazil suka hallaka ma'aikata, aka gano jabun R-134a ne gauraye da R-40, sinadarin da ke cin alminiyam. Kwamfireson mota ma jikinsa alminiyam ne.

Ƙarar cikin dashbod ita ta fi tayar da hankalin mai mota, kuma sau da yawa ita ta fi sauƙi. Hucin da hajiyar nan ke ji na minti ɗaya ko biyu bayan kashe injin, matsin gefen sama ne yake saukowa ya daidaita da na ƙasa, ba abin gyara ba ne. Wanda ke ɗorewa ana tafiya sanyi kuma ya yi rauni, shi ne ke nuna gas ya ragu. "Fat-fat" ɗin da ke ƙaruwa idan aka ƙara gudun fanka, ganyen darbejiya ne ko guntun leda ko sheƙar ɓera a cikin fankar. Fito a bakin iska, filtar cikin mota ce ƙura ta toshe, abin da motocin da ba su ma da shi. Motsin ruwa idan aka sha kwana da damina, bututun zubar da raɓa ne ya toshe. Sabuwa a cikinsu ita ce "kaf, kaf, kaf" daga can ƙurya lokacin da aka ta da mota ko aka sauya daga sanyi zuwa ɗumi. A da waya ce ke jan ƙofofin iska, hannun direba ke tura ta. Yanzu ƙananan injina ne na lantarki masu haƙoran roba, haƙori ɗaya ya karye sai ya yi ta tsalle a wuri guda. Ba ruwan wannan da gas ko kwamfireso.

Inda tsohon kunne ya fi ruɗuwa shi ne wurin shiru. Motocin Jamus da yawa daga farkon shekarun 2000, irin su Volkswagen da Audi da Mercedes, suna zuwa da kwamfireso marar kuloci. Kullum yana juyawa, wani bawul na lantarki a jikinsa ke ƙara masa ƙarfi ko ya rage bisa umarnin kwamfutar mota. Ba "ƙas" ko ɗaya. Bakaniken da ya saba jiran wannan ƙarar zai ce maganaɗisu ya ƙone, ya yi ta neman wayar da ba ta nan. Sau da yawa bawul ɗin ne ya maƙale, kuma ana sauya shi shi kaɗai. Fulin irin wannan an yi shi da wani ɓangare da zai karye da gangan idan cikin ya cije, don bel ya tsira, saboda haka ana iya ganin fuli yana juyawa lafiya alhali tsakiyarsa ta tsaya. Kuma tunda ba ya hutawa, yawo da mota layinta ba gas yana iya cinye shi ko ba a kunna sanyi ba.

Motocin da ke haɗa fetur da batir sun ƙara nisa. Toyota Prius, tun samfurin da ya fito a 2003, kwamfiresonta na lantarki ne, ba bel, yana shan wutar da ta haura bolt 200 ta cikin wayoyi masu ruwan lemo. Siririn kukan da yake yi, yana hawa yana sauka ko injin ya ɗauke a danja, muryarsa ce ta lafiya. Mansa daban ne, irin wanda ba ya ɗaukar wuta, kuma ragowar man PAG da ya maƙale a tiyon geji ya isa ya ɓata shi har kwamfutar mota ta hana shi aiki. Wannan ba wurin ɗora sukudireba a kunne ba ne da ka.

Sai ga 29 ga Mayu 2023, ranar da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai kusan 500, daga baya ta wuce haka. Mutane suka koma sauke gilashi kamar zamanin Pijo, sai dai motocin ba Pijo ba ne. Robar da ke rufe bakin sandar kwamfireso da man da ke zagayawa take rayuwa, in aka yi watanni ba a kunna ba takan bushe gas ya sulale. Shi ya sa littattafan motoci da dama ke cewa a riƙa kunna sanyi na 'yan mintuna lokaci zuwa lokaci, ko da hunturu ne. Wanda ya yi tattalin mai wata shida, ranar da zafi ya kai shi bango ya danna maɓalli, yakan tarar da kama-saki tana jiransa.

Wayar hannu ta kawo taimako na gaske. Ƙarar da ke zuwa da asuba ta ɓuya idan an iso gareji, yanzu mai mota yana naɗar ta ya tura wa bakanikensa ta WhatsApp. Kwamfutar bincike, wadda bakin jonawarta ya zama tilas ga motocin Amurka tun 1996, tana karanta matsin gas da kuskuren na'urori. Amma waya ba ta faɗin daga wane lungu ƙarar ta fito, kwamfuta kuma ba ta jin boris. Matashin da ya riƙe allon bincike bai iya saurare ba, da dattijon da ya iya saurare ya raina geji da sikeli, dukansu biyu mai mota ne ke biyan kuɗin abin da suka rasa. Garejin da ya haɗa su a inuwa ɗaya ya fi ƙarfin yawancin waɗannan ƙararrakin.

Idan kuwa an tabbatar cikin kwamfireson ne ya mutu, aikin bai ƙare da sayo wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ba. Kwamfireson da ya ci kansa yakan watsa garin ƙarfe da baƙin mai cikin layin gaba ɗaya. Kwandansar da bututu ne mai faɗi, ana wanke ta ta fita tsaf. Ta yanzu ƙananan hanyoyi ne jere da juna, wanki ba ya fitar da abin da ya maƙale a ciki. In ba a sauya ta tare da diraya da bawul ba, garin zai dawo ya shiga sabon kwamfireson, ƙugin ya sake tasowa, mai mota ya zargi mai shago, mai shago ya zargi bakanike.

Wani sauyin kuma yana kan hanya. R-134a ba ya taɓa ozon, amma yana riƙe zafin duniya fiye da iskar kabon sau 1,430, shi ya sa gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Montiriyal a Kigali a 2016 ya sa a rage irinsa. Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin motoci masu shi daga 2017, kamfanoni suka koma R-1234yf, gas mai tsada wanda yake iya kama wuta kaɗan, da mansa daban da injin cika shi daban. Motocin da aka ƙera a Turai a waɗannan shekaru sun kai lokacin da ake loda su a jirgi zuwa Legas da Kwatano, kuma bakin layinsu an yi shi ne yadda gejin R-134a ba zai shiga ba.